Alamar Tambaya a Sunan Fayil: Yadda Muka Kusa Rasa Kaset ɗin Baba Wajen Sauya Na'urar Waƙoƙin Gida

A gidanmu da ke Birni, tsohuwar unguwar Zinder da ta kewaye fadar Sarkin Damagaram, akwai wata ƴar na'ura da ta shekara huɗu a kan wata kanta a ɗakina, tana raba wa mutanen gida waƙoƙi ta wayoyinsu. A bazarar da ta wuce na tashi mayar da aikinta kan wata kwamfuta da ta fi ta ƙarfi. Yini ɗaya na ɗibar wa aikin, amma sai da ya ci kwana tara. Matsaloli uku ne suka taso a jere. Biyun farko wahala kawai suka ba ni, ta ukun kuwa ta kusa raba mu da abin da ba a sayar da shi a kasuwa, kuma tushenta yana cikin haruffan Hausa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, waɗanda muke rubutawa kullum ba tare da tunanin yadda na'ura take ɗaukar su ba.

Tsohon tsarin ba shi da wani girma. Raspberry Pi 3 ce, ƴar kwamfuta mai girman tafin hannu, tana tashi daga katin memori, an haɗa ta da faifan ajiya na waje mai ɗaukar terabait 1, wanda na tsara da ext4, tsarin da Linux ta saba amfani da shi. A kanta na ɗora Navidrome, manhajar da ke karanta foldar waƙoƙi, ta jera su bisa mawaƙi da kundi, sannan ta miƙa su ga duk wayar da ke kan wifin gida ta ƙofa mai lamba 4533. Ba a taɓa kuɗin intanet ko dala ɗaya wajen saurare, kuma wannan ne dalilin da ya sa mutanen gida suka karɓi abin hannu bibbiyu. Abin da manhajar ta sani game da masu saurare, kamar jerin waƙoƙin da kowa ya haɗa wa kansa, da waɗanda ya sa wa tauraro, da sau nawa aka kunna kowace, duk yana cikin fayil ɗaya mai suna navidrome.db, wanda rumbun bayanai ne irin na SQLite.

Fayilolin sauti 18,640 ne a taskar. Mafi yawansu ko sun ɓace ba za a yi kuka ba, domin waƙoƙin zamani ne na Nijar da Najeriya, da karatun Alƙur'ani, da wa'azi, waɗanda mutum zai iya sake tarawa a wajen masu turi a kasuwar Dole cikin mako ɗaya. Wani ɓangare ƙarami ne ya bambanta. A shekarun 1980 Baba yakan rataya rikodarsa ya tafi ƙofar fada ranar hawan Sallah, ya ɗauko kakaki da algaita da tambura, ya ɗauko kalangun mahauta a wajen hawan ƙaho, kuma idan ana biki a dangi yakan ba mata rikodar su shiga da ita cikin gida. Ta haka muryar kakarmu, Allah ya jiƙanta, ta wanzu a kaset tana ba da waƙa ana amshi. Fiye da shekara goma da suka wuce na zauna na juye waɗannan kaset zuwa MP3 ɗaya bayan ɗaya. Da yawa daga cikin kaset ɗin zafi ya riga ya cinye su, zarensu ya manne, wasu kuma an ara ba a dawo da su ba.

Ban yi sakaci da ajiyar ko-ta-kwana ba, ko kuma in ce haka na ɗauka. Kowane daren Juma'a da ƙarfe 2, na'urar takan kunna rsync, manhajar kwafe fayiloli, da kanta, ta kwafe foldar waƙoƙi da fayil ɗin rumbun bayanai zuwa faifai na biyu. Wannan faifai na biyu na tsara shi da exFAT ne, tsarin da Windows ke iya karantawa, saboda ƙanena ya riƙa cire shi yana sa wa a kwamfutarsa mai Windows idan yana son kwasar wani abu. A lokacin shawara ce mai kyau a idona.

Abin da ya tilasta ƙaurar shi ne faifan farko ya fara ƙara, wani ƙas-ƙas da ake ji idan dare ya yi tsit, kuma waƙa takan tsaya a tsakiya ta yi shiru kafin ta ci gaba. Da na tambayi faifan lafiyarsa da smartctl, sai ma'auni mai lamba 197, wanda ke ƙirga gurabun da faifai ya kasa karantawa yana jiran ya musanya su, ya nuna adadin da ke ƙaruwa kowace rana, zafinsa kuma ya kai digiri 53. Wanda ya san Afrilu a Damagaram, lokacin da zafin waje kansa yake haura 40, ba zai yi mamaki ba, balle faifan da ya sha ƙurar hunturu huɗu da ɗaukewar wuta ba adadi. Na sayi ƙaramar kwamfuta ta hannu da sabon faifai, na kashe tsohuwar na'urar, na nannaɗe faifanta mai ciwo da tsumma na sa a akwati. Niyyata ita ce in cika sabon faifan daga ajiyar ko-ta-kwana, don kada in ƙara gajiyar da marar lafiya. Wannan ne kaɗai matakin da na ɗauka daidai tun farko, kuma shi ya cece mu daga baya.

Matsala ta farko ta fito tun a daren farko. Na kwafe komai, na kunna Navidrome, sai ta ƙi tashi, tana cewa rumbun bayanan ya lalace. Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya san yadda SQLite take aiki. Idan tana cikin yanayin da ake kira WAL, ba ta rubuta sabon abu kai tsaye cikin babban fayil, sai ta fara zuba shi a wani fayil na gefe mai ƙarewa da -wal, daga baya ta juye shi ciki. Ni kuwa babban fayil ɗin kaɗai nake kwafa, kuma ina kwafarsa manhajar tana gudana, har ma lokacin nata binciken sababbin waƙoƙi yakan faɗo daidai da lokacin kwafin. Abin da ya sauka a faifai na biyu rabinsa na kafin juyewa ne, rabinsa na bayanta. Maganin ya zo da sauƙi domin rumbun na asali yana kan katin memorin tsohuwar na'urar, shi kuma lafiyarsa ƙalau. Na sa shi a na'urar karanta kati, na kwaso fayilolin uku tare, babban da na -wal da na -shm, na ajiye su a wuri ɗaya, na buɗe da sqlite3 na ba da umarnin PRAGMA integrity_check, ta amsa da cewa lafiya lau. Na yi wa wannan kwafi mai lafiya kwafi biyu na ɓoye, abin da na gode wa Allah a kansa washegari.

Da safe manhajar ta tashi, waƙoƙi suka bayyana, na gyara adireshin da wayoyin gida suke nema tunda sabuwar na'urar ta sami wata lamba daban a wifi, na tafi aiki ina jin na gama. Da na dawo da yamma ƙanwata ce ta tare ni a zaure.

"Yaya, ina jerin waƙoƙina na wanki? Sunan yana nan, amma babu ko ɗaya a ciki."

Haka na kowa yake. Jerin suna nan kamar buhun da aka zazzage, taurari sun ɓace, ƙirgen saurare ya koma sifili. Wannan ya ɗauke ni dare guda kafin in gane. Fitowar Navidrome da muke amfani da ita tana ba kowace waƙa lambar shaida ne ta hanyar lissafa ta daga cikakken adireshin fayil ɗin, da lissafin da ake kira MD5. A tsohuwar na'urar waƙoƙin suna ƙarƙashin /mnt/faifai/wakoki. A sabuwar na ɗora manhajar cikin Docker, tsarin da ke keɓe manhaja a cikin akwatinta na daban, na bi misalin da aka saba bayarwa, inda foldar take bayyana mata da sunan /music. Ko harafi ɗaya ya sauya a adireshi, lambar shaidar ta sauya gaba ɗaya. Saboda haka da ta yi bincikenta na farko, a ganinta tsofaffin waƙoƙin duk an share su, an kawo wasu dubbai sababbi da ba ta taɓa gani ba, sai ta yi abin da aka gina ta ta yi, wato ta goge rajistar waɗanda suka tafi tare da duk abin da ke rataye da su. Laifin nawa ne, domin ni na sauya wa gida ƙofa ban gaya wa mai gadi ba. Na tsayar da ita, na mayar da ɗaya daga cikin kwafin da na ɓoye, na gyara Docker ta yadda foldar za ta bayyana a ciki da tsohon adireshinta harafi da harafi, na sake kunnawa. Jerin ƙanwata ya dawo, na kowa ya dawo.

Ban da na Baba. Nasa jerin, wanda ni na haɗa masa da hannuna daga kaset ɗinsa, ya dawo da gibi. Kwana biyu bai ce komai ba, domin ba mutum ne mai yawan ƙorafi ba. A rana ta uku bayan sallar isha'i ya kira ni, wayar tana hannunsa, tabarau a kan hanci.

"Kai, wannan abin naka ya haɗiye muryar tsohuwa. Na duba sama na duba ƙasa ban gan ta ba."

"Baba, tana nan, in sha Allahu. Bari in duba."

Na faɗa ne da baki, amma gabana ya riga ya faɗi. Na koma ɗaki na ƙirga fayilolin da ke sabon faifan da find, aka ba ni 18,228. Na buɗe kwafin rumbun bayanan da na ɓoye, wanda har yanzu yake riƙe da sunayen duk abin da tsohuwar na'urar ta sani, na fitar da adireshin kowace waƙa daga teburin media_file, na jera su, na gwama da jerin abin da ke faifan ta amfani da comm. Fayil 412 ne babu. Da na karanta sunayensu sai na ga abin da ya haɗa su, kuma ban buƙaci karanta fiye da goma ba. "Wa?ar aure a gidan Kawu", "Ki?an kalangu, hawan ?aho", "?ofar fada, Sallah babba", "Wasan ?an mata". Kowane suna yana ɗauke da alamar tambaya, ko dai a cikinsa ko a sunan foldar da yake ciki, kuma kowace alamar tambaya tana zaune ne a gurbin harafi mai ƙugiya.

A nan ne ya kamata a tsaya a bi sawun abin, domin kuskure uku ne da aka yi a lokuta daban-daban, kowannensu shi kaɗai ba ya cutarwa, suka haɗu suka zama rami. Na farko ya faru ne lokacin da nake juyar kaset. Na zauna na rubuta sunan kowace waƙa da Hausa ingantacciya, da ƙugiyoyinta, cikin bayanan da ake liƙa wa MP3, waɗanda ake kira ID3. Tsohuwar manhajar da na yi aiki da ita ta adana su ne da tsarin haruffa na ISO-8859-1, wanda aka yi domin harsunan Yammacin Turai. Yana da é da ç na Faransanci, amma ba shi da ƙ ko ɗ ko ɓ ko ƴ, kuma duk harafin da ba shi da gurbi sai aka maye shi da alamar tambaya. Na biyu ya zo bayan shekaru, ranar da na ga sunayen fayilolin sun yi mini kaca-kaca, na sa wata manhaja ta sake raɗa musu suna daga waɗannan bayanai na ID3. Alamar tambaya ta fito daga cikin fayil ta hau sunansa. A kan ext4 wannan ba laifi ba ne, domin ext4 tana karɓar kowane harafi a suna in ban da / da harafin sifili. Na ga alamomin a lokacin, na ce wata rana zan gyara. Na uku shi ne faifan exFAT. Wannan tsari, kamar sauran na Windows, ya haramta wasu alamomi a sunan fayil, daga ciki akwai alamar tambaya da tauraro da ɗigo biyu. Ashe duk daren Juma'a, shekara huɗu cur, rsync tana zuwa kan waɗannan fayiloli 412, ta yi ƙoƙarin ƙirƙirar su, a hana ta, ta rubuta kuka a rahotonta, ta wuce.

Kuma ta gaya mini. Na buɗe fayil ɗin rahoton na tarar kowane mako ya ƙare da lambar fita 23, wato lambar da manhaja ke bayarwa idan ta gama aiki, wadda a nan ke nufin an kwafe wasu an bar wasu saboda kuskure. Abin da ya sa ban taɓa kulawa ba shi ne tun daren farko rahoton yake cike da dubban layuka na wani kukan daban. Na ba rsync umarnin -a, wanda ya ƙunshi kwafe bayanin mai fayil da izininsa, alhali exFAT ba ta da wurin ajiye waɗannan, don haka take kuka a kan kusan kowane fayil. Na duba sau ɗaya, na ga kukan banza ne, na daina karantawa. Kukan gaskiya yana nan a tsakiya, kamar ƙwayar gero a cikin buhun ƙaiƙayi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda asarar ta zaɓi wurin sauka. Waƙoƙin da na samo daga wajen masu turi sunayensu ba su da ƙugiya, domin ba mai ɓata lokacin rubuta ta, don haka duk sun tsira. Waɗanda na zauna na rubuta wa suna da kulawa, saboda darajarsu, su ne kaɗai ajiyar ba ta taɓa ɗauka ba.

Kwafinsu ɗaya tak ya rage a duniya, a cikin faifan nan mai ƙas-ƙas da ke akwati. Ƙanena ya ce mu haɗa shi kawai mu kwafe foldar Baba mu huta. Na ƙi, domin kwafin yau da kullum idan ya ci karo da gurbin da ya lalace yakan tsaya yana nanata karatu a wurin, kuma faifai mai ciwo yana iya mutuwa ana cikin haka. Na yi amfani da GNU ddrescue, wadda ke ɗaukar hoton faifan dukansa, ta fara da kwashe wuraren da ke karantuwa cikin sauƙi, ta tsallake masu wuya, sai a ƙarshe ta dawo musu a hankali. Tana kuma rubuta taswirar inda ta kai a wani fayil, kuma wannan taswira ta yi mana rana, domin sau biyu wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki. Bayan ta biyun na janyo waya daga batirin sola na gida, na ɗora faifan a kan tayil na kafa masa fanka, na zauna gadinsa kamar mai jinya. Aikin ya ci kwana biyu da dare biyu. A ƙarshe abin da ya ƙi karantuwa bai kai megabait 2 ba a cikin terabait guda.

Ban taɓa hoton asali ba. Na yi masa kwafi, na gudanar da e2fsck, mai dubawa da gyara tsarin ext4, a kan kwafin, na buɗe shi a yanayin karatu kaɗai. Don in san fayilolin da gurabun da suka mutu suka shafa, na sa ddrescue ta cike waɗannan gurabu a kwafin da wata kalma da na zaɓa, sannan na nemi kalmar da grep a cikin dukan fayiloli. Yawancin ɓarnar ta sauka a kan waƙoƙin da ke da lafiyayyen kwafi a faifai na biyu. Daga cikin 412 ɗin, 409 sun fito cikakku, uku sun taɓu. MP3 mai gudun kilobit 128 tana cin bait 16,000 a kowace daƙiƙa, saboda haka gurbi ɗaya na bait 4,096 kusan rubu'in daƙiƙa ne na sauti. Biyu daga cikin ukun irin wannan ƙaramin tsalle kawai suka yi, wanda sai mai kunne zai ji. Na ukun, wani kiɗan algaita na safiyar Sallah, ya rasa kimanin daƙiƙa 12 a tsakiyarsa.

Gyaran sunayen ya buƙaci dabara, tunda na riga na koyi cewa sauya suna sauya lambar shaida ne. Na fara mayar da fayilolin da sunayensu na da, na sake dawo da kwafin rumbun bayanan na ƙarshe da na ɓoye, jerin Baba ya cika. Daga nan na fitar da kowane jeri a matsayin fayil ɗin M3U, wato fayil ɗin rubutu mai jera adireshin waƙoƙi, na bi sunayen 412 ɗaya bayan ɗaya ina mayar da ƙugiyoyi da hannu, domin ba na'urar da za ta san ko alamar tambayar ƙ ce ko ɗ. Na sake adana bayanan ID3 da fitowa ta 2.4, wadda ke karɓar UTF-8, na gyara sunayen a cikin M3U, na shigar da su. Ƙirgen saurare na waɗannan fayiloli ya tafi, kuma na bar shi ya tafi, tunda ba wanda ya taɓa tambayarsa. Na tsaya a kan ƴ irin tamu ta Nijar, ban bi 'y ta Najeriya ba, saboda alamar ɗauri a sunan fayil takan rikita umarni idan ba a kula ba.

Faifai na biyu na sake tsara shi da ext4, ƙanena kuma yanzu ta wifi yake kwasar abinsa. Rumbun bayanan ana kwafarsa ne da umarnin .backup na sqlite3, wanda ke ba da kwafi daidaitacce ko manhajar tana gudana. Bayan kowane kwafi na'urar tana ƙirga fayilolin ɓangarorin biyu, kuma idan adadin ya bambanta ko lambar fita ba sifili ba ce, sai saƙo ya zo wayata. Foldar kaset ɗin Baba, wadda ba ta kai gigabait 4 ba, na zuba ta a katin memori biyu, ɗaya yana gidan yayarmu a Zango, ɗayan na ba Kawu ya tafi da shi Maradi.

Kiɗan algaitar da ya rasa daƙiƙa 12, na tarar kaset ɗinsa yana cikin waɗanda suka rage a akwatin Baba, amma zarensa ya tsinke kusa da farko. Na buɗe shi da ƙaramin sukundireba, na haɗa zaren da salatif, na naɗe shi da biro. Rikodar da za ta kunna shi ce ba mu da ita, domin robar da ke juya rikodar Baba ta narke tun tuni, kuma mai gyaran rediyon da na kai wa ya ce in dawo ranar Alhamis.